Shekarar Binne da Takardar Godiya

Zafin bana bai yi sallama ba. Watan Yuni bai kai rabi ba, amma gidanmu da ke hawa na biyar a titin Grand Concourse, nan Bronx, ya riga ya koma tanderu. Bango yana shan rana tun safe, da yamma ya juyo mana da ita cikin ɗaki. Esin falo, na'urar sanyaya ɗaki, ya tsufa, sai ƙara da ɗigar ruwa a kan tagar mutanen ƙasa. A titi yara sun buɗe famfon 'yan kwana-kwana suna tsalle a ciki, ruwa yana malala cikin kwata. In na zo wucewa sai in kau da kai. Shekarata goma sha tara a garin nan, har yau ba na iya kallon ruwa yana zuba a banza.

A cikin wannan zafin ne autata Godiya ta kawo wata takarda daga makaranta. Shekararta goma sha bakwai, saura mata aji ɗaya ta gama sakandare. Tun farkon shekara take ɗaukar wani darasi da suke kira filosofi, wanda aka haɗa da sanin addinai da sanin abin da ya dace mutum ya aikata. Wani maƙwabcinmu ɗan Nijar ya ce mini da Hausa falsafa ake cewa. Ni dai abin da na gani shi ne yarinya ta koma tambaya. In ka ce mata ƙarya ba kyau, sai ta ce, "Ko da za ta ceci rai?" In ka ce a girmama na gaba, ta ce, "Ko da shi ne bai da gaskiya?" Tun bayan Ista ta bar ƙungiyar mawaƙan majami'a. Tana zuwa sujada, amma na lura in ana addu'a idonta a buɗe yake. A zumuntar mata kuma an ba ni labarin ɗan wata baiwar Allah a unguwar Soundview, wai irin karatun nan ya yi, yanzu ko ƙofar majami'a ba ya kallo.

Takardar ta neman izinin iyaye ce. In ɗayanmu ya sa hannu kafin Juma'a ta wuce, za ta ci gaba da darasin a ajin ƙarshe. In ba a sa ba, a mayar da ita wani darasin.

Ranar Laraba da magariba muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka, fanka tana ta juya iska mai zafi. Maigidana Yohanna, wanda ke tuƙa bas a nan Bronx, ya yi mana addu'a. Bai kai loma ta uku ba Godiya ta ce, da Hausarta irin ta 'ya'yan nan, rabi tamu rabi tasu:

"Baba, ina da question."

"Ke kullum kina da question. Ki bari tuwo ya sauka."

"In Allah mai iko duka ne, kuma mai ƙauna ne, me ya sa yara suke mutuwa da yunwa? Ko dai bai iya hanawa ba, ko bai so ba. Malamarmu ta ce mu rubuta shafi biyar a kai."

Ya ajiye lomarsa. "Shafi biyar? A kan Allah? Ko fasinja ba ya tuhumar direba haka."

"Suna tuhumarka kullum, Baba. Kai ka ce har zaginka suke in ka makara."

Na ga dariya ta taso masa, ya danne ta. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki." Ya tura takardar gabana da bayan hannu. "Maman Godiya, ni dai hannuna ba zai hau wannan ba. In kin ga za ki iya ɗaukar alhakin, ke kika sani."

Godiya ta tashi ta bar tuwonta. Ni na shiga kwashe kwanuka. Mutane sun san ni da rashin magana, a majami'a har Saratu shiru-shiru suke ce mini. Amma kalmar da ya faɗa ta tsaya mini a ƙirji, don na taɓa jin ta, daidai yadda ya faɗe ta, a bakin wani.

Washegari na tafi aikina a Parkchester, inda nake kula da wata tsohuwa a gidanta. Ita ma esinta ya lalace. Na yi mata wanka, na ba ta magani, na zauna ina yi mata fifita da kwali. Zafin da ke shigowa ta taga yana da wani ƙamshi na busasshiyar ƙasa, ko kuwa hancina ne ya ƙirƙiro shi, ban sani ba. Sai ga ni a ƙauyenmu.

Ƙauyenmu yana kudancin Katsina, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Malumfashi. Iri uku ne mu a garin: Musulmi, da mu masu zuwa majami'a, da sauran tsofaffin Maguzawa irin Kakata, uwar babana, wadda ta ce ita ta tsufa da sauya hanya. Rijiya ɗaya muke sha. Shekarar da nake magana ina da shekara goma sha ɗaya. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, tun kafin bazara ta yi nisa aka share gindin rumbu da tsintsiya.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun garin. Gari ne da hantsi ke yi da ƙarar daka, wannan gida ya amsa wa wancan. A bazarar nan turame suka yi shiru, aka kife su. Da asuba ni da Inna mukan ɗauki tulu mu tafi rijiya mu tarar da layi. A saki guga har igiya ta ƙare, ya fito da rabin ruwa rabin laka. Mu kawo gida mu zuba a randa, a jira ya kwanta kafin a sha. Daga nan in ɗauki ƙwarya in shiga daji tare da 'yammata, mu tsinto aduwa da goruba, mu kakkaɓo 'ya'yan gawo saboda akuyarmu guda da ta rage. Wuta sau ɗaya ake hurawa, da la'asar. Inna ta dama kunun dusa, ta dafa busasshiyar tafasa da ɗan kanwa da gishiri. Ta zuba wa Baba, ta zuba wa Kaka, ta zuba mana ni da ƙanwata Ladi, sannan ta ce ita ta ci nata tun a bakin murhu. Na daɗe kafin in gane ba ta ci ba.

Duk wannan yunwar, akwai gero a gidanmu, kuma kullum muna kallonsa. Tun da kaka Baba ya zaɓi zangarniyoyi mafi cika, ya ɗaure su ƙananan dammuna biyu, ya rataye a madafa daidai saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari. Sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Wannan shi ne iri. A garinmu ko yaye ba a yi wa yaro sai ya san iri ba abinci ba ne. Baba yakan ce wanda ya ci iri ya cinye baɗinsa.

Ruwan farko ya zo wata ranar Talata da la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe shanyar mutane, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Muka fita tsirara muna ihu. Ƙamshin ƙasar nan har ji nake kamar in ɗiba in ci. Da magariba shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi, muka kama da ƙwarya da ruwa, Inna ta soya shi a kasko. Ranar na ji maiƙo a bakina karon farko cikin watanni.

Da gari ya waye kowa ya fita shuka. Baba ya je gona ya soka yatsa a ƙasa, ya ga danshin bai kai tsawon yatsar ba. Ya dawo ya sauko da dami ɗaya, ya bar ɗaya a rataye. Maƙwabcinmu Malam Garba, wanda gonarsa ke jikin tamu, abokin wasan Baba ne tun suna yara. Da ya ga rabin gonarmu kawai ake shukawa, ya jingina da sunguminsa ya ɗaga murya:

"Ɗanjuma! Kai da kake mana wa'azin bangaskiya, yau kai ne mai yi wa ƙasa rowa?"

Baba ya ce, "Malam, Allah na yarda da shi. Hadarin nan ne ban yarda da shi ba."

Aka yi dariya. Malam Garba ya zuba irinsa duka, kamar yadda yawancin gari suka yi.

Kwana huɗu gero ya fito, siriri kore kamar allura. Mukan je da safe mu tsuguna muna kallonsa. Daga nan sama ta wanke tas. Mako ɗaya, mako biyu, mako uku. Hadari yakan haɗu da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa. In ka taɓa shi sai ya marmashe a hannunka.

Kowa ya koma ga abin da ya sani. Su Malam Garba suka fita bayan gari roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye. Mu kuma mai bishara ya sa azumin kwana uku a majami'a. Inna ta ce azumin bai ba mu wuya ba, tunda dama a cikinsa aka same mu. Kaka ta kama baƙar kazarta ta ƙarshe ta tafi gindin tsamiya tare da tsofaffi 'yan'uwanta. Da ta dawo da naman Baba ya ce shi ba zai ci ba, amma ya juya baya ya yi ta gyaran ƙotar fartanya har muka gama shan romon. Ruwa dai bai zo ba.

Ladi tana da shekara uku. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi kamar na masara. Da tana kuka da dare da rana, sai ta daina. Takan zauna a inuwar rumbu tana kallon wuri ɗaya, ƙuda ya sauka a bakinta ba ta kore shi ba. Rashin kukan nan ya fi tsorata ni.

Wata rana da tsakar rana manya duk sun tafi yasar rijiya, aka bar ni da ita. Na mirgino turmi zuwa madafa, na hau, na zaro zangarniya biyu daga damin da ya rage. Na murje su a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, na jiƙa a ɗan ruwa. Ina taunawa ina sa mata a baki. Ba zan ce duka na ba ta ba. Na haɗiye nawa ni ma, kuma har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba. Na binne sosiyar a bayan ɗaki, na mayar da turmi, na wanke hannu. Abin da ban lura ba shi ne kunkunniyar da na shafa wa Ladi a kumatu.

Baba yana shigowa ya ɗauke ta, ya dubi fuskarta, ya dubi madafa. Ya shiga ya fito. Bai ɗaga murya ba tukuna.

"Saratu, wa ya taɓa iri?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin san abin da kika yi? Kin san sata ce? Kin saci abincin gidan nan na shekara guda."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Sai na ce, "Baba, mun yi azumi, su Malam sun yi roƙo, Kaka ta yanka kaza. Allah yana ganin Ladi. To wa ya fi laifi, ni da na ci iri, ko shi da ya hana ruwa?"

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Baba ya ɗaga hannu, na rufe ido, amma marin bai sauka ba. Ya ce, "Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki."

Kaka tana zaune a kan tabarma tana kaɗi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗanjuma, yarinya tambaya ta yi, ba zagi ba." Baba ya fice. Inna ta ja kunnena ta ce in kama bakina. Na kama. Ina jin tun daga ranar nan ne na zama mai shiru.

Nan tunanina yake tsayawa duk shekarun nan. In na tuna shekarar, iyakata tsawar Baba da hannunsa a sama. Amma ranar Alhamis ɗin nan, ina zaune ina yi wa tsohuwa fifita, gumi yana bin bayana, sai sauran ya biyo.

Washegarin ranar da na ci irin, tun da sassafe Baba ya sauko da damin. Inna ta sussuka shi a hankali, ta sheƙe, ko ƙwaya ɗaya ba a bari ta faɗi ƙasa ba. Baba ya kawo ƙore uku ya raba, ya ture ɗaya gefe ya ce na Malam Garba ne.

Inna, wadda ba ta saba musu da shi ba, ta ce, "'Ya'yanka suna cin dusa kana kyauta? Shi da ya yi maka dariya?"

Ya ce, "In gonarsa ta kwana fayau, baɗi a ƙofar nan zai tsaya da iyalinsa. Za ki iya rufe ta?"

Sai ya ce binne za a yi.

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don in ya zo ya tarar da iri yana jiransa, a ci kwanakin da aka yi asara. Lokaci ya riga ya ƙure, in aka jira sai an ga ruwa, gero ba zai nuna ba kafin damina ta ɗauke. Amma caca ce. In yayyafi ya zo bai jiƙa ƙasa ba, iri ya tsira ya mutu. In ruwa ya daɗe, tururuwa da zabin daji su tone. Kuma bayan wannan babu wani dami a madafa.

Malam Garba ya zo da gidansa duka, aka haɗa hannu, a gama tamu a shiga tasa. Maza suna gaba suna sara da sungumi, mu muna biye, a tsunkulo iri a jefa a rami, a rufe da diddige. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da sai da muka naɗe ƙafafu da tsumma. Ramin ma ba ya tsayawa, kana sara yashi yana komawa. Ba mai waƙa irin ta shukar damina. Sai Malam Garba, da bakinsa ba ya mutuwa, ya ce:

"Yau ga Musulmi da Kirista da Bamagujiya suna binne gero ɗaya. Sai mu ga wa za a amsa wa."

Kaka ta ce, "In ya zo kowa zai ce nasa ne. Sara dai, ɗan nan, surutu ba ya huda ƙasa."

Ni aka sa a layin Baba. Tun jiya bai dube ni ba. Ina biye da shi ina kallon dugadugansa da suka tsattsage. Mun yi nisa, mun bar sauran a baya, sai ya ce, bai juyo ba:

"Saratu."

"Na'am, Baba."

"Maganarki ta jiya." Ya sara rami. Ya sara wani. "Ni ma tun da tsiron nan ya ƙone nake tambaya. Ban samu amsa ba."

Na tsaya da iri a hannu. Ban taɓa zaton akwai abin da Baba bai sani ba game da Allah.

Ya ce, "Me kika tsaya yi? Zuba. Ki rage hannu, irin kaɗan ne."

Na zuba, na rufe da diddige, muka ci gaba har rana ta take.

Kwana tara muka yi muna jira. Ni da 'yammatan gidan Malam Garba muka riƙa zama a gona muna korar zabi. A rana ta tara da azahar iska ta tsaya cik, zafi ya yi kamar zai kashe mutum. Sai hadari ya taso, wannan karon bai yi rugugi da yawa ba. Ya fara da manyan ɗigo masu tayar da ƙura, ya zauna yana zuba har yamma. Ba wanda ya yi ihu kamar na farko. Baba ya fita cikin ruwan ya soka hannu a ƙasa har wuyan hannu, ya daɗe a tsugune. Da kaka ba mu cika rumbu ba, amma mun wuce rabi, Malam Garba ma ya samu abin da ya kai shi baɗi. Ladi ta tashi. Yanzu tana Kaduna da 'ya'ya biyar, kuma duk danginmu ba mai surutunta.

Tsohuwar da nake kula da ita ta taɓa hannuna ta tambaye ni me ya sa na daina fifita. Na ba ta haƙuri na ci gaba.

Da na dawo gida da yamma na tarar da Godiya a kicin tana wanke kwanuka, abin da ba ta yi sai an yi magana sau uku. Na gane neman sulhu ne. Na ɗauki tawul ina gogewa. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Godiya, ki faɗa mini gaskiya. Kin daina yarda da Allah ne?"

Ta kashe famfo. "Ban sani ba, Mama. Wata rana ina ji sosai, wata rana ba na jin komai. Amma ba ajin ne ya kawo mini ba, tun ina middle school nake da shi. A ajin ne kawai in na yi tambaya ba a kallona kamar na yi sata."

Na ce ta ba ni labarin ajin. Ta ce su goma sha wani abu ne. Akwai wata Musulma 'yar Gana mai Hausar Zango, akwai Bayahude, akwai waɗanda ba su da addini ko kaɗan. Malamar ba ta faɗa musu abin da ita ta yarda da shi, sun yi sun yi ta ƙi. Takan sa mutum ya kare ra'ayin da ba nasa ba. Watan jiya aka sa wani yaro marar addini ya kare masu addu'a, ita kuma aka sa ta kare masu cewa banza ce.

"Wa ya ci?"

"Shi. Kuma Mama, na ji daɗi da ya ci. Ban san me ya sa ba."

Sai na ba ta labarin, tun daga kifaffun turame har ruwan rana ta tara. Ban taɓa ba kowa ba, har babanta. Ta tsaya da soso a hannu, kumfa yana ɗiga.

"Anti Ladi? Anti Ladi mai voice note na minti goma sha biyar?"

"Ita fa. Da ba ta da ƙarfin kuka."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ce, "To Mama, laifi kika yi ko ba laifi ba?"

Na ce, "Shekara arba'in da wani abu ke nan, ban sani ba. Da kowa a gidan ya yi abin da na yi, da ba a samu na binnewa ba. Da ban yi ba kuma, ban san ko Ladi za ta kai rana ta tara ba."

"Exactly abin da muke yi a aji ke nan!"

"To ashe na yi ajin tun ba a haife ki ba, ba allo ba malama."

Yohanna ya shigo daga aiki rigarsa ta jiƙe da gumi. Na ba shi ruwan sanyi, na bari ya ci abinci. Godiya ta shige ɗaki. Na zauna kusa da shi na maimaita masa labarin a taƙaice. Shi ma ɗan manomi ne, daga wajen Kafur, ba sai na yi masa bayanin komai ba. Ya daɗe yana juya kofi a hannu.

"In ta ɓata fa, Maman Godiya?"

"Ban ce ba za ta ɓata ba. Ina jin tsoro kamar yadda kake ji. Amma tambayar tana cikinta, ko mun sa hannu ko ba mu sa ba. Ni an ce in yi shiru na yi, tambayar ba ta je ko'ina ba."

"Wato binne za ki yi da 'yata."

Na ce, "Baban Godiya, ka taɓa ganin gero ya tsira a rataye?"

Ya tashi ya tsaya a bakin taga yana kallon yaran da ke wasa da ruwa a titi. Daga can ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Babana ma ya taɓa yin binne. Sau biyu. Ɗaya ta yi, ɗaya ba ta yi ba."

Ranar Juma'a ya fita tun da asuba, aikin safe gare shi. Da na fito kicin na ga takardar a kan tebur inda aka bar ta tun Laraba. A kanta akwai bironsa na aljihu, wanda ba ya bari kowa ya taɓa.

Na dafa shayi, na share tebur, na zauna. Ni ban yi boko ina yarinya ba, sai bayan aure na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan majami'a, don haka har yau rubutu a wurina aiki ne, sai na natsu. Na rubuta sunana harafi bayan harafi a kan layin. Sannan na yago takarda daga littafin da nake rubuta cefane, na rubuta da Hausa: Yarinya ta ci iri don ƙanwarta tana mutuwa da yunwa. Wa ya fi laifi, ita ko wanda ya hana ruwa? Kuma me ya sa ubanta, da bai san amsa ba, ya fita ya shuka?

Godiya ta fito da jakarta. Na miƙa mata duka biyun. Ta ga sa hannun, ta rungume ni har shayi ya kusa zubewa. Sannan ta karanta ƙaramar takardar a hankali, tana motsa baki, don karatun Hausa yana ba ta wuya.

Na ce, "Ki fassara wa malamarku. Ki ce tambayar wata yarinya ce daga garinmu, ta daɗe tana jira."

"Mama, ba za ta ba ki amsa ba fa. Sai dai ta sa duk ajin su yi ta musu."

"Na sani. Ki kai dai. Abin da kowa ya ce, ki riƙe mini, in kin dawo ki faɗa mini muna wanke-wanke."

Ta ninke takardar ta sa a aljihun gaba. Na cika mata gora da ruwan sanyi, na cika tawa, muka sauka tare. Rana ta riga ta fara zafi, ba alamar hadari ko kaɗan. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na D ta ɗaga mini hannu ta gangara, ni kuma na tsallaka titi na tsaya jiran bas ɗin Parkchester.